Matsalar Karanto Dogon Rubutun Hausa Daga Rumbun Bayanai: Misali Daga Ƙasar Funtuwa Da Malumfashi

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa bin malamin gona zuwa ƙauye da takardar tambayoyi a hannu ya san tambayoyin nan iri biyu ne. Akwai waɗanda amsarsu ba ta wuce kalma ɗaya ko lamba ɗaya, kamar sunan manomi da ƙauyensu da yawan gonakinsa da buhun masarar da ya samu bara. Akwai kuma wadda akan bari sai ƙarshe, wato inda akan ce wa manomi, "To malam, mene ne ya fi damunka a noman bana?" A nan ne mutum yakan gyara zama ya yi magana. Ita wannan doguwar amsa ita ce ta fi kowace daraja ga mai nazarin harshe da al'ada, ita ce kuma ta fi kowace shan wahala idan aka zuba ta cikin kwamfuta aka dawo ɗaukarta.

Wannan maƙala za ta duba yadda dogon rubutu yake guntulewa ko ya dagule yayin da ake karanto shi daga rumbun bayanai, da dalilan da suka sa abin ya fi yi wa Hausa illa, da kuma dabarun da akan bi a kauce wa matsalar. An ɗauki misalai daga kudancin Jihar Katsina saboda ƙasa ce da ta daɗe tana shan tambayoyin masu bincike.

Ƙasar da aka daɗe ana ƙirgawa

A shekarar 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Su ukun nan su ne na farko irinsu a Nijeriya. Shirin na Funtuwa ya haɗa gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, ya kuma ci gaba har 1980. A lokacin ba a ƙirƙiro Jihar Katsina ba, don sai a 1987 aka cire ta daga Jihar Kaduna. An yi hanyoyin karkara, an buɗe cibiyoyin sayar da taki da iri, masara kuma ta samu shiga sosai a ƙasar da a da aka fi sani da dawa da auduga. Tare da shirin aka kafa wani ofishi a Kaduna wanda aikinsa shi ne bin diddigi da auna sakamako, wato aika ma'aikata su auna gonaki, su auna amfani, su cika takardu.

A wancan zamani, da wuya mai bincike ya yi tunanin zuba maganar mutum cikin na'ura yadda ya faɗe ta. Katin da akan huda a ba kwamfuta gurbi 80 kawai gare shi, saboda haka kowace amsa sai an mai da ita lamba: rashin taki 1, rashin ruwa 2, ƙwari 3, sauran abubuwa 9. Duk abin da manomi ya faɗa wanda bai shiga 1 ko 2 ko 3 ba, to ya faɗa ramin 9. Wanda yake son jin maganar kanta sai dai ya tare a ƙauye da littafi da alƙalami, kamar yadda Paul Clough ya yi a Marmara ta ƙasar Malumfashi daga 1977 zuwa 1979, inda ya bi sha'anin bashi da biki da cinikin hatsi da auduga, abin da ya zama littafi a 2014.

Daga baya na'ura ta samu sarari. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan gona, an yi wa manoma rajista ana aika musu saƙon karɓar taki ta wayar hannu, sunayen mutanen karkara suka shiga rumbunan bayanai da yawan gaske. Masu bincike ma suka koma cika tambayoyi a waya maimakon takarda. Sai aka ɗauka cewa tunda yanzu ana iya rubuta maganar manomi duka, to an tsira daga ramin 9. Ashe da sauran rina a kaba.

Rumbu da gurbi da tiya

Rumbun bayanai, a taƙaice, jadawali ne mai layuka da gurabe. Kowane layi na mutum ɗaya ne ko gona ɗaya, kowane gurbi kuma na abu ɗaya ne, kamar suna ko gari ko shekaru. Tun kafin a zuba kome, wanda ya tsara rumbun yakan faɗa wa na'ura irin abin da zai shiga kowane gurbi da kuma iyakar girmansa. Ke nan gurbi kamar tiya yake a hannun ma'auni: abin da ta ɗauka shi ta ɗauka, wanda ya yi tozo ya wuce baki sai ya zube. Bambancin kawai shi ne a kasuwa mai hatsi yana ganin abin da ya zube a kan tabarma, na'ura kuwa sau da yawa ba ta cewa uffan.

Ma'aunin da kwamfuta take aiki da shi ana kiransa bayit. Bayit ɗaya ƙwayoyi takwas ne, kowace ƙwaya ko dai sifiri ce ko ɗaya, saboda haka lambobin da bayit ɗaya zai iya riƙewa 256 ne, daga 0 zuwa 255. Masu tsara manhajojin farko sun ware bayit ɗaya tak don rubuta tsawon abin da ke cikin gurbi. Wannan shi ne asalin lambar nan 255 da mai karatu zai yi ta cin karo da ita. A manhajar dBASE gurbin rubutu ba ya wuce 254. A Access gajeren gurbin rubutu 255 ne. Manhajar lissafi ta SPSS ta tsaya a 255 har zuwa fitowarta ta 13 a 2004, ita kuwa Stata a 244 ta tsaya har 2013.

Da aka ga wannan bai isa ba, sai aka ƙago gurbi na musamman don dogon rubutu. dBASE III, wadda ta fito a 1984, ta kira shi memo. Dabarar da aka yi ita ce, ba a ajiye rubutun a cikin jadawalin kansa. Akan kai shi wani fayil dabam, a yanka shi ƙulli-ƙulli na bayit 512, sa'an nan a bar lambar ƙullin farko a cikin gurbin. Wanda ya san kasuwar hatsi ta Ɗandume zai gane wannan nan da nan. Mai kaya ba ya yawo da buhunansa a ka, suna can a sito, abin da ke aljihunsa 'yar takarda ce mai lamba. Idan takardar tana nan sito ya ƙone, ba kaya. Haka nan wanda ya kwafi fayil mai ƙarewa da DBF ya manta ɗan'uwansa mai ƙarewa da DBT, ya kwashi takardun shaida ne ya baro buhunan. Manyan rumbunan zamani sun daina raba fayilolin a fili haka, amma har yanzu yawancinsu a gefe suke ajiye dogon rubutu, kuma ta wata ƙofa dabam ake ɗauko shi. Daga wannan ƙofa ce yawancin matsalolin suke fitowa.

Abin da yake salwanta

Kafin a shiga dabaru, ya kamata a ga abin da ake asara. Ga wata amsa da aka shirya don misali, bisa yadda dattijon ƙauye yakan yi wa baƙo magana:

"Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe, mun gode wa Allah, mun gode wa hukuma. Bana an kawo mana taki har ƙauyenmu, an kuma ba mu irin masara mai kyau, malamin gona ma ya zo ya duba mana gonaki sau biyu. Gaskiya an yi ƙoƙari, ba mu da abin cewa sai godiya. Sai dai kuma takin bai iso ba sai da masara ta yi goyo, shi ya sa da yawa daga cikinmu muka sayar da shi a kasuwa, muka biya bashin ƙwadago."

Idan aka ƙirga haruffa da alamomi da sararin da ke tsakanin kalmomi, daga farkon amsar zuwa ɗigon da ke bayan "godiya" 248 ne. Gurbi mai cin 255 zai tsaya ne a kan "Sai da". Wanda ya karanta abin da ya rage a ofis zai rubuta cewa manomin ya gamsu, alhali kuwa mutumin cewa ya yi takin bai yi masa amfanin kome ba.

Wannan ba tsautsayi ba ne, tsarin maganar Bahaushe ne ya ci karo da tsarin na'ura. Bahaushe ba ya fara wa baƙo ko na gaba da shi da kuka. Yakan fara da godiya da yabo da addu'a, ya share fage, sa'an nan ya kawo "amma" ko "sai dai" ko "illa iyaka", abin da ya kawo shi kuwa yana bayan waɗannan kalmomi. Wuƙar na'ura kuma kullum ta wutsiya take yanka. Saboda haka guntulewar ba ta rage magana daidai wa daida, ɓangare ɗaya take ci: ta bar yabo, ta cinye koke. Idan amsoshi ɗari biyar suka bi ta wannan wuƙa, rahoton da zai fito zai nuna ƙasa mai cike da godiya. Wanda kuwa ya fi yin bayani, wato wanda ya fi sanin abin da yake faɗa, shi ya fi cutuwa.

Nahawu ma yana da nasa rabon. Korewa a Hausa sau da yawa ƙafa biyu gare ta, "ba" a farko da "ba" a ƙarshe. A Katsinanci, inda akan ce "ba su" a wurin da Bakano zai ce "ba sa", jimlar "Mutanen garin nan ba su shuka auduga ba" tana nufin bana ne ba su shuka ba. In aka datse "ba" ta ƙarshe, sai ta koma "Mutanen garin nan ba su shuka auduga", wato ba al'adarsu ba ce sam. A baki karin sauti da tsawon wasali za su raba gardama, amma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna su. Haruffa biyu sun faɗi, labarin shekara ɗaya ya zama hukunci a kan gari.

A ina aka yanke?

Aikin farko ga wanda ya ga rubutunsa ya guntule shi ne ya gano inda wuƙar ta sauka, domin wurare uku ne. Ko dai an yanke tun wajen zubawa, ko a hanya wajen ɗaukowa, ko kuwa a allo wajen nunawa. Na farkon ne kaɗai ba shi da magani sai komawa ga takarda ko faifan murya. Sauran biyun kayan suna nan lafiya a sito.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Kowane rumbu yana da umarnin da ke faɗin tsawon abin da ke cikin gurbi ba tare da ya ɗauko shi ba. Sai a sa ya jero tsawon kowace amsa, daga mafi tsawo zuwa ƙasa. Idan aka ga amsoshi da yawa sun tsaya cak a kan 255 ko 254, babu wadda ta wuce, to a wajen zubawa aka yi ɓarnar, don mutane ba sa yin shiru a kan harafi ɗaya kamar an haɗa baki. Idan kuwa rumbu ya ce amsa tana da 900 amma 255 ta iso hannu, to a hanya ne. Lambar da aka tsaya a kanta ma takan tona asirin mai laifi. Manhajar SQL*Plus ta Oracle haruffa 80 kawai take nunawa na dogon gurbi in ba a ce mata ta ƙara ba, kamar dai tana tuna katin nan na da. Mahaɗin ODBC na harshen PHP a 4,096 yake tsayawa. Umarnin da ke haɗa layuka da yawa su zama rubutu ɗaya a MySQL a 1,024 yake tsayawa. Duk waɗannan iyakoki ne da aka sa don tattalin wuri, kuma layi ɗaya ya isa a ɗaga su.

Abin takaici, sau da yawa ɗalibi yana ganin guntun rubutu a allo sai ya yanke ƙauna ya koma sake bugawa daga takarda, ya ɓata mako guda a kan abin da bai ɓata ba.

Dabarun ɗaukowa

Access ita ce aka fi samu a ƙananan ofisoshi, kuma tana da wata ɗabi'a da ya kamata a sani. Gurbinta na memo yana riƙe dogon rubutu lafiya lau, amma duk lokacin da aka sa ta kwatanta layuka da juna, sai ta ɗauki haruffa 255 na farko ta yar da saura. Alal misali, idan aka ce ta tara amsoshi rukuni-rukuni bisa ƙauye har da gurbin memo a cikin abin tarawar, ko aka ce ta cire layukan da suka maimaitu, ko aka haɗa jadawalin Bakori da na Ƙafur da umarnin da ke tace maimaici, to rubutun zai fito a guntule. Maganin shi ne kada a sa dogon gurbi cikin abin da za a kwatanta. A yi tarawar da tacewar da lambar manomi da sunan ƙauye, idan an gama sai a bi lambar a ɗauko dogon rubutun shi kaɗai. Wajen haɗa jadawali biyu kuma a zaɓi umarnin da ke haɗawa ba tare da tacewa ba.

Akwai kuma tarkon da ke tsakanin Excel da rumbu. Gurbin Excel ɗaya yana iya riƙe haruffa 32,767, saboda haka a can amsa takan zauna cikakkiya. Amma wasu daga cikin mahaɗan da ke kwaso bayanai daga Excel layuka takwas na farko kawai suke dubawa su yanke hukuncin irin gurbin. Idan manoma takwas na farko masu gajeriyar magana ne, sai mahaɗin ya ɗauka gurbin gajere ne, na tara da ya yi dogon bayani a yanke shi. Dabarar da aka saba yi tana da ban dariya amma tana aiki: a ɗauko amsar da ta fi kowace tsawo a sa ta a layin farko, ko a cika layin farko da rubutun banza mai tsawo, in an gama kwasowa a goge shi. Kamar dai a sa babban buhu a bakin ƙofa ne don mai awo ya san da wa yake ciniki.

Ga masu rubuta manhaja da kansu, akwai ƙa'idoji biyu da tsofaffin hannu suka gada. Ta farko, a jerin guraben da ake nema, a sa dogon gurbi a ƙarshe. Dalili kuwa shi ne ƙa'idar ODBC ba ta tilasta wa mahaɗi ya iya komawa baya ba: yakan miƙo gajerun gurabe a dunƙule, sa'an nan ya buɗe ƙofar sito ya fara jawo dogon, kuma bisa jeri yake tafiya. Ta biyu, a karanta dogon gurbi sau ɗaya a ajiye shi a hannu, domin a wasu mahaɗan karatu na biyu fanko yake dawowa. Wannan ya sha rikita mutane. Manhaja takan leƙa gurbin don ta ga ko akwai wani abu a ciki, ta ga akwai, ta dawo ɗauka ta tarar wayam, alhali leƙen farkon nan shi ne ɗaukar.

Idan duk wannan ya faskara, sai a koma ga dabarar tururuwa, a ɗebo kaɗan-kaɗan. A ce wa rumbu ya ba da haruffa 250 na farko a gurbi ɗaya, 250 na biye a wani, haka har rubutun ya ƙare, sa'an nan a ɗinke su a waje. Sai dai a kula sararin da ya faɗo a bakin yanka kada ya ɓace, don wasu manhajojin sukan share sararin ƙarshe, "ba mu" ta koma "bamu".

Masu zana taswirar gonaki suna da tasu. Fayil ɗin taswira da aka fi yayi, wanda kamfanin Esri ya fito da shi a farkon shekarun 1990, jadawalin dBASE yake ɗauke da shi a ciki, saboda haka har yau bayaninsa ba ya wuce 254, sunan gurbi kuma ba ya wuce haruffa 10. Wanda ya auna gona a Ɗanja ya rubuta tarihin gadonta da iyakokinta a wannan gurbi, rabin tarihin zai tsira. Abin yi shi ne a bar lambar gona kawai a taswira, tarihin a ajiye shi a wani jadawali mai wannan lamba.

Ƙugiya da ɗauri

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu ya shafi kowane harshe. Akwai kuma wanda ya keɓanta ga Hausa. Tsohon tsarin haruffan kwamfuta, wato ASCII na 1963, alamomi 128 gare shi, kuma babu ɓ da ɗ da ƙ a ciki. Sai da tsarin Unicode ya zo a 1991 suka samu mazauni tabbatacce. A hanyar ajiya ta UTF-8, wadda aka ƙago a 1992, harafin boko na Ingilishi bayit ɗaya yake ci, amma kowane harafi mai ƙugiya biyu yake ci. To wasu rumbunan haruffa suke ƙirgawa, wasu kuwa bayit. Oracle, in ba a ce mata kome ba, bayit take ƙirgawa. A amsar dattijon nan akwai masu ƙugiya huɗu kafin wurin yanka, ɗaya a "daɗe", ɗaya a "ƙauyenmu", biyu a "ƙoƙari". Ke nan a ma'aunin bayit ba zai ma kai "Sai da" ba, a kan "Sa" zai tsaya. Mafi muni shi ne wuƙa ta sauka a tsakiyar harafi, ta raba bayit biyun ƙ. Rabin harafi ba harafi ba ne, wata manhajar takan sa baƙar alama a wurin, wata kuwa ta ƙi karanta layin ɗungurungum. Saboda haka mai ɗibar tururuwa ya tabbata da haruffa yake yanka. Ajami ya fi shiga wannan hali, don kowane baƙi aƙalla bayit biyu ne, kowane wasali da aka ɗora masa ma aƙalla biyu ne.

Wani lokaci kuma rubutun yakan iso da tsawonsa amma a dagule, "ƙasa" ta zama "Æ™asa", "ɗari" ta zama "É—ari". Wannan alama ce cewa an ajiye da UTF-8 an karanta da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, wanda ya ɗauki bayit biyun a matsayin haruffa biyu. Muni gare shi a ido, amma ba a yi asara ba, sai a sake buɗe fayil ɗin a gaya wa manhaja tsarin gaskiya. Kada dai a yi gyara a adana a kan dagulallen. Babban Ɓ ya fi sauran haɗari a nan, domin bayit ɗinsa na biyu ba shi da harafi a wancan tsari, yana iya faɗuwa a hanya. Wanda ba shi da magani shi ne inda aka zuba Hausa a gurbin da bai san Unicode ba, ƙugiya ta koma alamar tambaya. Wanda ya tarar da "?aya" zai iya cankar ƙaya ce ko ɗaya in jimla ta taimaka, amma na'ura ba za ta iya ba.

Saboda gudun wannan ne ma'aikata da yawa suke zubar da ƙugiya tun wajen bugawa. A saƙon waya ma suna da hujja, don saƙo ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar harafi mai ƙugiya ɗaya ya shiga sai ya koma 70. Sai dai hujjar waya ba ta zama hujja a rumbu ba. Wanda ya rubuta "kasa" a wurin "ƙasa", da "bari" a wurin "ɓari", da "fada" a wurin "faɗa", ya sauƙaƙa wa na'ura ya ɗora wa mai karatu. "An yi fada a kan taki" dai a gane, amma "an kai maganar fada" fa? Wurin hakimi aka kai ta, ko kuwa maganar rikici ce aka kai?

Saura alamar ɗauri, wadda take cike da rubutun Hausa: sana'a, jama'a, ma'aikata, 'ya'ya. A harshen SQL, wanda da shi ake yi wa yawancin rumbuna magana, wannan alama ita ce take nuna farkon rubutu da ƙarshensa. Idan manhaja ba ta yi hattara ba, tana isa "ma'aikatan gona" sai rumbu ya ɗauka magana ta ƙare a kan "ma", abin da ya biyo baya kuma ya ɗauke shi umarni, ya ƙi karɓar layin. Gajeriyar amsa takan tsallake, amma da wuya a yi dogon sakin layi na Hausa babu ɗauri ko ɗaya. Maganin gaggawa shi ne a ninka alamar ta zama biyu wajen zubawa. Magani na ƙwarai kuwa shi ne a miƙa wa rumbu umarni dabam, rubutu dabam, kada a cuɗa su. Excel ma tana da nata: ɗaurin da ya zo a farkon gurbi takan ɗauke shi alamar cewa abin da ke tafe rubutu ne, ta ɓoye shi. Ta haka 'Yankara ta ƙasar Faskari da 'Yargoje ta ƙasar Ƙanƙara sukan wayi gari babu ɗaurinsu, in an zo haɗa jadawali biyu kuma na'ura ta ce garuruwa huɗu ne.

Gwaji kafin fita

Ɗalibin da zai fita aikin tattara bayanai, ko na noma ne ko na tatsuniya da waƙoƙin aiki, yana iya gwada hanyarsa tun yana makaranta. Ya shirya rubutu mai haruffa kamar 5,000, ya cusa masa jimla irin "Ɓaidu da Ɗanjuma sun kai ƙwarya 'Yankara, sun ɓata, ba su dawo ba", tare da waƙafi da alamar zance da sabon sakin layi, domin waɗannan ukun su ne suke karya fayil mai raba gurabe da waƙafi. A can ƙarshe ya sa wata kalma da zai gane, kamar "tammat" da malaman allo suke rufe rubutu da ita. Sai ya zuba shi ta wayar da zai yi aiki da ita, ya bi shi zuwa rumbu, daga rumbu zuwa Excel, daga nan zuwa manhajar lissafi, har zuwa takardar da za a buga. A kowane zango ya duba abu uku: tsawon yana nan, ƙugiyoyi suna nan, "tammat" tana nan. Zangon da ta ɓace, nan ne zai gyara kafin ya hau motar Funtuwa. Faifan muryar kuma da takardun asali ya adana su da lambar da ta yi daidai da ta layin kowane manomi.